Jinin finafinan ban tsoro: da me ake haɗa shi?

Ɗan Agege: Jama'a, ku taimaka. Jinin da muka haɗa don gajeren fim yana fitowa kamar zoɓo. Ina matsalar?

Na Idi-Araba: Malam, ruwa ya yi yawa. Kofi 1 na zuma, cokali 2 na ruwa, cokali 1 na jar kalar abinci, sai rabin cokali na garin cakulan. Cakulan ɗin ne ke rage hasken jan, don jini na gaske ba ja zur ba ne.

'Yar Obalende: A zafin Legas ƙuda za su yi wa zumar caa, ku haɗa dab da ɗauka. Kalar tana kama farin yadi, ku tanadi riga 2.

Na Idi-Araba: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma a gwada ta kyamara, a duhu yakan koma baƙi.