Labarin soyayyar matasa mai ƙarewa da mutuwa: taƙaitaccen abin da aka faɗa

Muhawarar da aka yi kan ko ya dace yara da matasa su karanta irin wannan labari ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda ba na 'yan firamare ba ne. Yaro ɗan shekara 11 bai kai ga batun cikin shege da auren dole ba.

2. An ba da shawarar iyaye su riga 'ya'yansu karantawa. Wasu iyaye mata sun ce da wuya, tunda yanzu a waya ake karatun, ta WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad.

3. Kan 'yan shekara 15 zuwa 17 aka rabu. Wasu na ganin gara yarinya ta ga illar yaudara a takarda da ta gani a kanta. Wasu suka ce labarin kan ƙawata abin da yake ikirarin hanawa, sai wa'azi a shafin ƙarshe. Ni dai hujjar ta biyun ta fi kama ni.

4. Inda masoyi ya kashe kansa aka nuna shi gwarzo, babu wanda ya goyi baya.

5. An tuno ƙona littattafan da A Daidaita Sahu, hukumar gyaran tarbiyya ta gwamnatin jiha a lokacin, ta yi a Kano a 2007. Mafi yawa sun ce hani bai raba 'yan mata da karatun ba.