Watannin da aka kashe sabis a Zamfara da maƙwabtanta: kowa ya faɗi abin da ya gani

Malamin firamare, Gusau:
Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon duk wanda ya zauna a Zamfara, Katsina, Sakkwato ko Kaduna a ƙarshen 2021 ya ba mu labarin yadda ya yi lokacin da aka katse layukan waya. Ga waɗanda ba sa nan a lokacin: ranar 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu na sadarwa a duk faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar, kwana biyu bayan an kwashe ɗalibai sama da 70 a Kaya ta Maradun. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Katsina ta biyo baya da ƙananan hukumomi 13, Sakkwato 14, sannan wasu sassan Kaduna. A tsakanin nan an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, an hana safarar shanu. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da infomominsu, a toshe cinikin kuɗin fansa.

Abin da ya sa na tayar da zancen, duk sanda tsaro ya sake taɓarɓarewa sai ka ji wani ya ce a sake kashewa kawai. Na lura yawancin masu faɗin haka ba su kwana cikin abin ba. Ba gardamar jam'iyya nake nema ba, don Allah. Abin da idonka ya gani.

Direban Gusau zuwa Funtuwa:
Wa alaikumus salam Malam. Mu ne muka koma gidan waya. Da asuba kafin mota ta cika, mutane sun tsaya da takardu a naɗe, an rubuta lamba a baya, in na isa inda akwai sabis in kira in karanta. Wasu kuma wayar ce ɗungurungum suke ba ni. Mutum zai rubuta saƙonninsa na WhatsApp tun a gida, ya danna turawa, su tsaya suna jira, ni kuma in zuba wayoyin a aljihun gaban mota. Da mun wuce Tsafe mun shiga ƙasar Katsina sai ka ji aljihun ya ɗauki ruri gaba ɗaya, wannan na kuka wannan na kakkarwa, fasinja ma kowa ya sunkuya kan tasa, mota ta yi tsit. Da yamma in mayar wa kowa da amsoshinsa a ciki.

Ba a jima ba aka kashe Funtuwa ita ma, da Faskari da Bakori da Malumfashi. Sai aka koma sai Zariya. Na ɗauki dattijo da ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa don ya ji ko 'yarsa ta sauka lafiya a Kano. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Ya kashe wayar ya ce in ajiye masa kujerarsa ta komawa.

Mai shagon caji da turi:
Ni sana'ata ta kusa mutuwa kafin wannan lokacin, domin samari kowa ya koyi saukar da waƙarsa da kansa. Ana kashe sabis layi ya dawo ƙofar shagona. Abin da ke cikin kwamfutata shi ne intanet ɗin unguwa: karatun Alƙur'ani, wa'azi, fina-finai, waƙoƙin zamani, har da na makaɗan fada na da, waɗanda yara ke cewa na tsofaffi ne, sai ga su suna nema da bakinsu. Sabon kaya kuwa a memori yake zuwa daga Kano, yaran mota ke kawowa, kafin dare ya zaga gari ta Xender da bulutut, tunda su ba ruwansu da data.

Waɗanda suka ba ni tausayi su ne masu biyan kuɗin wata-wata a manhajojin sauraron waƙa. Wani yaro ya zo da wayarsa cike da waƙoƙin da ya sauke, yana ganin sunayensu reras, amma ko ɗaya ta ƙi buɗewa. Manhajar tana so ya hau intanet ta tabbatar har yanzu yana biya, kuma wa'adin da take bayarwa ya wuce. Tun daga nan nake gaya wa duk wanda ya shigo: waƙar da ba ta cikin memorinka haya kake yi.

Matashi mai waƙa, Ƙauran Namoda:
Yaya mai turi, gaskiya ka faɗa, amma akwai ɗaya ɓangaren. A cikin abin da kuka tura a watannin nan har da tawa, kuma ko sisi bai zo hannuna ba. Ban ce laifinka ba ne, haka muka taso muka tarar. Sai dai na fara ganin ɗan haske a YouTube da Audiomack, masu saurarona kuma kusan duk 'yan jiharmu ne, rana ɗaya lissafin ya tsaya cak. Mu ƙananan mawaƙa lambar waya muke sawa a ƙarshen waƙa don masu biki su neme mu. Waƙa ta shiga ko'ina, lambar ba ta shiga. Da aka dawo da sabis wasu suka ce mini sun nema sun gaji sun ɗauki wani.

Uwargida, wani ƙauye a ƙasar Tsafe:
Ku kuna ta waƙa, bari in faɗi tawa. Matar ƙanin mijina naƙuda ta kama ta da dare, jini ya ɓalle. A da lambar mai mota ɗaya muke kira a garin da ke gaba da mu, cikin rabin awa ya iso. Ran nan babu kira. Babur an taƙaita hawansa da dare, mai ma babu, tunda mu a jarka muke saye kuma an hana. Maza huɗu suka ɗauke ta a kan gadon kara zuwa bakin titi, mu mata muna biye da fitila, kowa na tsoron abin da zai fito daga daji. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Ban ce da akwai waya lallai zai rayu ba, rai na Allah ne. Amma wanda zai yanke hukunci irin wannan ya kamata ya fara tambayar kansa, mace mai naƙuda a ƙauye wa za ta kira? In ba shi da amsa, to bai gama shiri ba.

Malamin firamare, Gusau:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa.

Ɗan kasuwa, gabashin Sakkwato:
Amin. Mu nan bakin iyaka wata dabara munka yi. Da anka kashe namu, sai munka koma layin Nijar, don sabis ɗinsu na tsallakowa. Wanda ke da ɗan'uwa Ƙonni ko Maraɗi sai ya aiko mishi da sim, Airtel ta can ko Moov ko Zamani. Sai dai kiran Najeriya da shi kiran ƙasar waje ne, kati na ƙarewa kamin ka gama gaisuwa, kuma da sefa aka sayen shi. Akwai wani tudu bayan gari, da la'asar za ka iske mutane tsaitsaye kowa ya ɗaga waya sama.

Abin da ya fi ci min rai, waɗanda anka kashe sabis ɗin don su, sun riga mu gano wannan. Su ke cikin dajin da ya haɗe da iyaka, su ke da kuɗin kati. Wanda anka bari ba baki shi ne talakan da zai kira jami'an tsaro in ya hango ƙura. Kun tuna harin kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021, mutum sama da 40 sunka rasu. Da yawa daga cikinmu sai washegari munka ji, a rediyo.

Manomi, ƙasar Faskari:
Ni zan ɗan saɓa muku, kuma ba don ban ji zafin abin da Hajiya ta faɗa ba. Makonnin farko mun yi barci. Mun san akwai masu ba da rahoto a cikinmu, wanda ya sayar da hatsi ko sa yau, gobe da dare an zo gidansa kai tsaye. Da waya ta mutu wannan ya yi sauƙi sosai. Rufe kasuwa da hana mai ya matse 'yan bindigar, har ta kai wasu da aka kama a yankinmu abinci aka nema a kansu maimakon kuɗi, mudun shinkafa da manja.

To amma bai ɗore ba. Sun koma aiko da takarda ta hannun wanda suka sako. Ɗan wana yana hannunsu aka kashe layi, muka yi makonni ba mu san yana raye ko ya mutu ba, uwarsa ta daina cin abinci. Ga amfanin gona ya nuna babu kasuwar kaiwa. A ganina da an yi abin na ɗan gajeren lokaci, sojoji suka shiga dajin da ƙarfi a cikin kwanakin, da ya yi amfani. Da aka ja shi wata da watanni sai ya juyo kanmu.

Mai POS:
Na'urata da sim take aiki, don haka ranar farko na naɗe ta na sa a durowa. Wanda aka turo wa kuɗi daga kudu ba alat, ba hanyar cirewa sai ya yi tafiya. Mai kuɗi a hannu shi ne sarki. Ƙanwata kuma tana cike fom na makaranta, ta je Zariya musamman don lambar sirrin da ake turowa ta saƙon waya.

Mai gyaran turakun sadarwa:
Bari in ɗan yi bayanin abin da Alhaji na Sakkwato ya gani, don mutane sun sha tambayata. Wayar hannu ƙaramar rediyo ce mai magana da turke mafi kusa. Igiyar da take amfani da ita kusan miƙe take tafiya, dutse ko gini ko kwari na tare ta. Shi ya sa in ka hau tudu sai ka kamo turken da ke nesa. A fili marar shinge, tsohon tsarin 2G kan kai har kilomita 35. Igiya ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma umarnin Abuja ba ya hawa kan turken da ke cikin Nijar.

Rediyo kuwa dalilin da ya sa bai mutu ba, gajeren zango sama yake tafiya, ya daki wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. A lokacin, BBC da DW da RFI da Muryar Amurka ba sa buƙatar turken kowa a Zamfara. Haka wayar tauraron ɗan Adam irin Thuraya, haka oba-oba, wadda ke magana kai tsaye tsakanin na'ura da na'ura. Duk mai kuɗi zai iya mallakarsu. Kashe turke yana yanke wa mai ƙaramar waya ne kawai.

Uwargida, wani ƙauye a ƙasar Tsafe:
Malam mai gyara, Allah ya ƙara basira. Tambaya biyu gare ni. Ba a iya kashe layin mugu shi kaɗai a bar na sauran mutane? Kuma ita lambar gaggawa da ake cewa tana shiga ko babu kati, me ya hana a bar mana ita?

Mai gyaran turakun sadarwa:
Ana iyawa, Hajiya. Kamfani na iya rufe lamba ɗaya, yana iya rufe ita kanta wayar ta lambar jikinta, kuma duk kiran da aka yi akwai bayanin turken da ya ɗauke shi. Tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN, dalilin da aka bayar ke nan. Matsalar ita ce suna kira da wayoyin waɗanda suka kama, ko layin da aka yi wa rajista da sunan wani, don haka aikin na buƙatar masu bibiya dare da rana da jami'an da za su tashi da zarar an gano wuri.

Ita kuwa 112 gaskiya ne tana shiga ko babu kati, wani lokaci ma ta kan turken kamfanin da ba naka ba. Amma dole a sami turke mai rai a kusa. A fasahance ana iya barin turke a kunne a hana kiran yau da kullum a bar na gaggawa kaɗai. A wuraren da na yi aiki a watannin nan, kashe su aka yi gaba ɗaya.