Ƙaramin injin CNC zai iya sassaƙa mini fuskar gado mai faɗin ƙafa 6?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon kafinta a Tudun Wada. Bara na sayi injin CNC, wato mai sassaƙa da umarnin kwamfuta, wanda ake kira 6040, wurin aikinsa santimita 60 ne da 40, kuma allunan suna kawai nake yi da shi. Bikin ƙanwata ya matso, na yi wa Hajiyarmu alƙawarin ni zan yi gadon, da zanen dagi a fuskarsa irin wanda ke bangon tsoffin gidajen cikin birni. Fuskar ta fi wurin aikin injin girma, sai na gwada a guntun MDF, wato allon garin katako da aka matse: na sassaƙa rabi, na tura katakon gaba, sai layin ya kauce da kamar faɗin ƙwayar shinkafa. A dagi kuwa, inda zare ya hau kan zare, ido na kama wannan nan take. Yaya zan yi?

Ɗalibin injiniya, Samaru:
Wa alaikumus salam Yaya. Kada ka riƙa auna turawar da tef. Ka sa injin ya huda ramuka biyu a gefen da za a yanke a jefar, ya huda irinsu a allon ƙasa, ka soka fegi. In ka tura, ramuka na gaba su zauna a kan fegin, sifilinka, wato inda injin ke fara awo, ba zai motsa ba. Manhajar zane ta VCarve na iya raba zanen gida-gida. Amma abin da ya wuce santimita 40 a faɗi, injin ba zai iya sassaƙa shi duka ba.

Dattijo, Sabon Gari:
Ɗana, kana so injin ya yi aikin da ba nasa ba. Raba fuskar gida uku, kowanne da daginsa, ya shiga injin a zama ɗaya. Firam ɗin ka yi shi da hannunka, da madaci busasshe, ka tsaga masa gurbi allunan su zauna ciki. Kada ka cika gam a gurbin. Katakon da ka haɗa da damina, hunturun Zariya zai tsotse shi, in ba ka bar masa wurin motsi ba sai ya tsage. Kuma gadon amarya, ka fita batun MDF a ƙafafu, ranar da ruwan wankin ɗaki ya taɓa shi zai kumbura.

Wata mai kayan ɗaki, Kofar Doka:
Malam, ka kula da wuta. An taɓa ɗauke mana ana tsakiyar aiki, injin ya manta inda yake, allo guda ya tafi. Ka ɗora shi a janareta tun farko, ka sa takunkumi saboda ƙurar.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, shawararka zan bi, gida uku. Gobe zan leƙa 'yan katako in duba madacin. Alluna masu kauri milimita 18 sun isa, ko in ƙara?