"Sun mayar da mu almajirai"

Saje mai ritaya:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ba mai yawan rubutu ba ne amma yau abin ya kai ni bango. Shekara 19 na yi cikin kaki, tun daga Depo na horar da sojoji a Zariya har ranar da nakiya ta tashi da motarmu a Borno a 2016, mu bakwai ne a ciki, uku nan take suka cika Allah ya jiƙansu, ni kuma aka yanke min ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Kwamitin likitoci ya zauna a kaina aka ce ba zan iya ci gaba da aiki ba, aka sallame ni, ban ja ba don ƙaddara ce. Fansho yana shigowa alhamdulillahi, amma kuɗin nakasar da ya kamata ya biyo shi har yau ban gan shi ba, yau a ce rahoton raunin ba ya cikin fayil, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja da sanda ya fi sau shida. Ƙafar robar da nake sawa ta yi min yawa don dungulmin ya rame, tana gurzata har wurin ya zama gyambo. Jiya tun ƙarfe 7 na safe ina zaune a asibiti wai sai lambar izini ta fito kafin a tura ni wurin likitan ƙashi, har aka kira la'asar shiru. Wallahi tallahi ƙasar nan ba ta san darajar wanda ya ba da jininsa ba. Sun mayar da mu almajirai, kullum muna ƙofar ofis da ƙoƙo a hannu.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Allah sarki Baba, Allah ya ba ku lafiya, ya saka muku. Ni mijina yana Arewa maso gabas yanzu haka, karanta wannan sai da gabana ya faɗi.

Alaramma na Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai Allah ya ƙara sauƙi, amma ka yi haƙuri akwai kalmar da ya kamata ka janye. Almajiri ba mabaraci ba ne. Asalin kalmar almuhajir ce, wanda ya bar garinsu don neman ilimi. In kana nufin bara ka ce mabarata, kada ka ɗauki sunan masu karatun Alƙur'ani ka yi misalin wulaƙanci da shi.

Ɗan Kawo:
Haba Alaramma. Mutum ya ce maka ƙafarsa na ruɓewa, kai abin da ka gani kawai kalma ɗaya?

Alaramma na Rigasa:
Na yi masa addu'a kafin in yi gyara ai, koma ka duba. Kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni almajiri ne, shekara tara na yi a tsangaya, na haddace na rubuta, yau ina da shago ina ciyar da iyalina. Duk sanda aka tashi zagin talauci sai a ce almajiri, mun gaji da wannan.

Abu Sadik:
To amma Malam tsakani da Allah, yaran da muke gani a Kawo da Mando da bakin Kasuwar Barci da roba a hannu, me mutanen gari ke ce musu? Ba almajirai ake ce musu ba? Harshe abin da jama'a ke faɗa ne, ba abin da ke cikin ƙamus ba.

Alaramma na Rigasa:
Don jama'a sun saba da kuskure ba zai zama daidai ba.

Malama Binta:
Ni ina bayan Alaramma a nan. Ina koyarwa a firamare, na sha ganin yaro ya zagi ɗan'uwansa da "kai almajiri kawai". Daga bakin manya suke ɗauka.

Tsohon akawun bariki:
Saje, bari in tsallake wannan rigimar in yi maka magana a kan abin da ya kawo ka, don na yi shekaru ina riƙe da irin waɗannan fayiloli. Abu biyu ka haɗa kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Maganar kuɗi ta Hukumar Fanshon Soji ce da ke Abuja, tunda a 2011 aka cire sojoji daga tsarin fanshon adashen gata, ba su ƙarƙashin kamfanonin fansho irin na sauran ma'aikata. Maganar magani kuwa ta DHML ce, kamfanin inshorar lafiyar sojoji, kuma ya haɗa da 'yan ritaya. Kana zaɓar asibiti ɗaya inda katinka yake, in ciwon ya fi ƙarfinsu sai su nemi lambar izini su tura ka gaba, ita ce lambar da ka zauna jira. Game da kuɗin nakasa, ginshiƙinsa takarda biyu ne, rahoton da bataliyarka ta rubuta cewa a bakin aiki ka ji raunin, da sakamakon kwamitin likitoci mai nuna kashi nawa cikin ɗari na nakasa. In ɗaya ta ɓace fayil ba zai motsa ba ko shekara nawa za ka yi kana sintiri. Ka koma tushe, ka rubuta wa bataliyar da kake ciki lokacin da abin ya faru ka nemi kwafi, asibitin da aka yi maka aiki ma suna da nasu bayanin. Duk takardar da za ka miƙa ka yi mata hoto biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Kada ka sake ba kowa ta asali.

Kofur na ECOMOG:
Ku yaran yanzu ma kun samu. Mu da muka shiga Laberiya a 1990 a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, daga baya aka wuce da mu Saliyo, wa ya san da wata lambar izini? Da yawa cikinmu sun mutu ba su ga ko paracetamol ba. Kuma ni ban yarda soja ya kira kansa almajiri ba, ba don dalilin Alaramma ba, don zubar da girman kaki ne. Soja ko yunwa za ta kashe shi ba ya miƙa hannu.

Saje mai ritaya:
Oga ina girmama ku, kun riga mu sa kaki. Amma wanda yake da shekara 19 a aiki da ƙafa ɗaya ba yaro ba ne. Kuma ban miƙa wa kowa hannu ba, haƙƙina nake nema.

Kofur na ECOMOG:
To ka ga ka kama kanka da bakinka. In haƙƙi ne me ya kawo ƙoƙo a cikin maganar? Mai bara sadaka yake nema, in an ba shi ya gode in an hana shi ya yi gaba. Kai bashi kake bi.

Alaramma na Rigasa:
Kofur kai ma ka sake maimaita kuskuren, kana ta haɗa almajiri da miƙa hannu.

Kofur na ECOMOG:
Malam ni ban yi da kai ba.

Ɗan Kawo:
Wai shin ba wanda ya karanta abin da tsohon akawu ya rubuta ne? Shi kaɗai ya kawo abin amfani tun safe.

Baban Walid:
Ku dai sojoji ku gode wa Allah. Mahaifina ɗan sanda ne, shekara 35 cif ya yi, yana cikin tsarin adashen gatan nan da aka fitar da ku, abin da ake ba shi a wata ba ya sayen buhun shinkafa. Shi ya sa 'yan sanda masu ritaya suke ta zanga-zanga a cire su su ma. Ku da kuke da hukumarku daban da asibitocinku, asibitin sojoji na 44 yana nan cikin garin Kaduna, ga na sojan sama, har Yarima Harry na Ingila ya zo Kaduna a watan Mayun 2024 ya gaishe da sojojin da suka ji rauni. Wa ya taɓa zuwa gaishe da ɗan sanda?

Abu Sadik:
Ɗan sanda ai ya karɓi garatutinsa tun a kan titi.

Baban Walid:
Ka iya bakinka malam. Ubana nake magana a kai, kuma bai taɓa tsayawa a shinge ba, a ofis ya yi aikinsa har ya gama. 'Yan sanda nawa aka kashe a hanyar Birnin Gwari? Su ba 'ya'yan mutane ba ne?

Abu Sadik:
Ban kira sunan mahaifinka ba, abin da kowa ya sani na faɗa.

Admin:
Jama'a a kiyaye. Zagin iyaye ba ya cikin dokar zauren nan. Abu Sadik ka goge.

Maman Hanifa:
Ni dai abin da ba a faɗa ba shi ne ciwon da ido ba ya gani. Maƙwabcinmu a bariki ya dawo da hannu da ƙafa lafiya lau, amma in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya faɗa ƙarƙashin gado, ba ya barci sai an kusa asuba, matarsa ce ta san abin da take gani. Shi kashi nawa za a rubuta masa? Kuma ba zai je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ba don kada a ce ya haukace. Mu matan sojoji muna cikin wani hali wallahi, kullum waya a hannu, in baƙuwar lamba ta kira sai cikinka ya ɗuri ruwa.

Malama Binta:
Allah ya kare miki shi 'yar'uwa. Amma kin ga abin da muke faɗa kenan, kalma tana da nauyi. Tsoron kalmar mahaukaci ya hana wancan neman magani, haka kalmar almajiri take yi wa yaran tsangaya. Ko nakasa da Saje ya ce, yanzu masu buƙata ta musamman ake cewa.

Saje mai ritaya:
Malama ni ne mai ƙafar, kuma nakasa ce. Ki kira ta duk abin da kike so, da daddare ni nake kwance ta in jingine a bango.

Ɗan Kawo:
Akwai ma dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su yi hanyar keken guragu, kuma ta ce a fara sallamar nakasasshe a layi. Shekara biyar ɗin ta wuce. Ku faɗa min ta yaya mai ƙafa ɗaya zai wuni a benci?

Baban Walid:
Ka ga an fara. Dama na san sai an jawo Buhari.

Ɗan Kawo:
Yabonsa na yi ko zaginsa? Doka na ambata.

Abu Sadik:
Shi da yake tsohon janar me ya hana shi gyara wa tsofaffin sojoji komai a shekara 8? A zamaninsa ba su yi ta kwana a ƙofar ma'aikatar kuɗi ba?

Kofur na ECOMOG:
Bayan ya sauka ma an sake kwana, ka daina ɗora wa mutum ɗaya. Kowace shekara 15 ga Janairu a sa mana fure a saki tantabaru don tunawa da mazan jiya, washegari kowa ya kama gabansa. Na gani a mulkin soja na gani a na farar hula.

Alaramma na Rigasa:
Duk wannan ba shi ne a gabanmu ba. Har yanzu Yallaɓai bai janye kalmar ba. Ba na neman faɗa, kalma ɗaya ce, ya ce astagfirullah mabarata nake nufi, shi ke nan.

Saje mai ritaya:
Malam ni ma na yi allo, a Tudun Wada na sauke kafin in shiga soja, kuma ƙannena biyu an kai su gabas. Ba na raina almajiri. Abin da na ji a jikina jiya a bencin nan shi na rubuta. Akawu na gode, tambayata ita ce bataliyar tamu an ɗauke ta daga inda muke tun tuni, kwamandan ma ya yi ritaya, wa zan rubuta wa ke nan?

Malama Binta:
To in ka yi allo ai kai ya fi kamata ka san darajar sunan.

Alaramma na Rigasa:
Sadaƙta Malama.

Abu Sadik:
Admin na goge, amma ban janye ra'ayina ba.

Admin:
To jama'a dare ya yi, zan rufe wannan maganar haka. Abin da na fahimta daga muhawarar yau shi ne mafi yawan 'yan zaure sun yarda cewa kuskure ne a kira mabaraci almajiri, kuma Alaramma ya kawo hujja daga asalin kalmar wadda ba wanda ya iya ture ta. Ni kaina a tsangaya na tashi, na san zafin abin. Shi ma Saje a ƙarshe ya nuna ba ya raina almajirai, mun ɗauki wannan a matsayin janyewa, Allah ya saka masa. Waɗanda suka so su karkatar da zancen zuwa siyasa da zagin 'yan sanda ba su yi nasara ba. Daga yau duk wanda ya yi amfani da kalmar almajiri a wurin bara za a goge rubutunsa, in ya sake a cire shi. Game da ƙafar Saje kuma muna masa addu'a Allah ya ba shi lafiya, mai wata shawara ya same shi ta bayan fage. Na kulle zaure sai bayan sallar asuba.