Hoton ciki ya nuna ƙashin bayan jaririna bai rufe ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Cikina ya kai wata biyar, kuma makon jiya da aka yi mini hoto, likita ya daɗe yana murza na'urar a wuri guda kafin ya ce ƙashin bayan jaririn bai rufe ba daga wajen ƙugu, abin da suke kira sifaina bifida. Surukata ta ce ɗaukar bokitin ruwa da nake yi ne ya jawo, kuma tun ranar barci ya gagare ni. Shin laifina ne, kuma me za mu tanada kafin haihuwa?

Wata ungozoma:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bokiti ba shi da hannu a wannan. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauka ba. An fi danganta larurar da ƙarancin sinadarin folik asid (wani nau'in bitamin), sai ciwon suga da wasu magungunan farfaɗiya. Kada ki haihu a gida. Ki koma awo a asibitin koyarwa da ke da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, domin idan wurin a buɗe yake, akan ɗinke shi cikin kwana biyu zuwa uku don kada ƙwayoyin cuta su shiga.

Wani magidanci:
Hajiya, haka aka haifi 'yata, da ƙullutu kamar lemo a bayanta. Abin da ya fi kama mu ba shiri shi ne kanta da ya fara girma bayan aikin saboda ruwa da ke taruwa a ciki, har aka sa mata siririn bututu da ke janye ruwan zuwa cikinta. Ku nace a riƙa auna kan jaririn, ku kuma tambayi yadda za ku kula da fitsarinsa. Yanzu tana zuwa makaranta da sandunan tafiya.

Ungozomar kuma:
Na manta da batun ciki na gaba. Akan ba kowace mace mai iya ɗaukar ciki maikirogiram 400 na folik asid kullum, amma wadda ta taɓa haihuwar irin wannan jariri miligiram 4 zuwa 5 likita ke rubuta mata, wato ninki goma ko fiye, tun watanni kafin ta sake ɗauka. Binciken da aka wallafa a Birtaniya a 1991 ya nuna hakan ya rage maimaituwar larurar da kusan kashi 70 cikin ɗari.