Rumsiki ko Mindif a ƙarshen Janairu? Waɗanda suka taɓa zuwa ku ba mu shawara

Ɗan Domayo: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne a nan Marwa, arewacin Kamaru, duk ma'aikata, ba mu da sarari sai Asabar da Lahadi, kuma Litinin da safe dole kowa yana bakin aikinsa. Mun tara jaka talatin-talatin na sefa (jaka ɗaya sefa dubu ce) don mu je kallon duwatsu. Na sayi kyamara Canon ta gwanjo da lensi biyu, ban taɓa fita da ita bayan gari ba. Kanmu ya rabu: biyu na son Rumsiki, ƙauyen nan na cikin duwatsun Mandara, mu kwana ɗaya, biyu na cewa Mindif, tunda bai fi kilomita 25 ba, mu je da safe mu dawo da yamma. Ɗayanmu yana fama da gwiwa tun da ya faɗi a moto, wato babur. Kuɗin zai kai mu Rumsiki mu dawo? Kuma hoto zai fita a wannan lokacin, ko hazo zai cinye duwatsun?

Sarkin Yawo: Wa alaikumus salam. Ku bar waɗannan duka, ku tafi Alantika ta Poli, wurin mutanen Koma. Wanda bai hau Alantika ba bai hau dutse ba.

Maman Walida: Haba Malam, kwana biyu fa ya ce. Marwa zuwa Garwa kaɗai ya haura kilomita 200, kafin a yi zancen Poli. Kuma ka ji da mai ciwon gwiwa a cikinsu.

Direban Mokolo: Jaka talatin ta isa in ba ku da almubazzaranci. Marwa zuwa Mokolo kamar kilomita 80 ne, kwalta ce ko da yake ta sha jiki, jaka biyu a ajans, wato motar kamfanin sufuri. Daga Mokolo zuwa Rumsiki wajen kilomita 50, hanyar ƙasa, ta Mogode. Mai moto jaka huɗu kowane mutum. Ku fita bayan sallar asuba.

Abba Kakatare: Jaka huɗu a ina? Bara jaka bakwai na biya, shi ma sai da na yi ta magiya.

Direban Mokolo: Sun ga kyamara a wuyanka ne. Ka sa ta a jaka sai an gama ciniki.

Baban Ummi: Ƙanena, ban so yin magana ba, amma da na ga ka ambaci mai ciwon gwiwa sai na kasa haƙuri. Mu biyar muka je Rumsiki daga Garwa, a watan Afrilu, tsakiyar zafi. Wani saurayi ɗan garin ya tare mu ya ce zai raka mu kwari a jaka biyar. Muka ce ai ga hanya muna gani, me za mu biya? Ni da bakina na faɗa masa haka. Ba mu fara sauka ba sai wajen ƙarfe goma, kowa da gorar ruwa guda.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne garin a sama yake, kwarin a ƙasa. Saukar daɗi gare ta, kana tafe kana hoto, ba ka san kana cin bashi ba sai ka juyo. Kafin azahar ruwa ya ƙare. Abokina, tela ne, takalmin fata mai santsi ne a ƙafarsa, ya ce in ɗauke shi a kan wani fa yadda dutsen Zibi zai fito a bayansa. Ina duba ta cikin kyamara ina ce masa matsa baya kaɗan. Tsakuwa ta zame da shi. Faɗuwar ba ta fi tsayin mutum biyu ba, amma ƙarar da ƙashin ƙaurinsa ya yi, kamar an karya kara, har yau tana kunnena.

Waya ba ta kamawa a wurin. Wata tsohuwa Bakapsika, wato 'yar ƙabilar yankin, da ke tsintar itace ita ta ba mu ruwa a ƙwarya, ta tura jikanta gari da gudu. Maza shida suka sauko da tsani, a kansa aka ɗauko shi. Cikinsu har da saurayin da muka kora da safe. Shi ya riƙe gaban tsanin har sama, bai ce mana uffan ba. Aka ɗaure ƙafar tsakanin sanduna biyu da rawanina, aka sa shi a tsakiyar moto ina riƙe da shi ta baya, kowane rami sai ya yi salati. Ba mu shiga Mokolo ba sai bayan isha.

Wannan duk ƙaddara ce, na karɓa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauran ukun. A asibiti kowa ya ce za a yi karo-karo. Da muka dawo Garwa, ɗaya ya kawo jaka goma, biyu suka daina ɗaga waya. Kyamarar na sayar na biya aikin ƙafar. Wata bakwai bai taka keken ɗinki ba, yana da 'ya'ya huɗu, kuma har yanzu yana ɗingishi.

Maman Walida: Innalillahi. Allah ya ƙara masa lafiya, kai kuma Allah ya saka maka, Yaya.

Abba Kakatare: Waɗannan biyun ba abokai ba ne. Ni da na haɗu da su ko sallama ba zan amsa ba.

Sarkin Yawo: Allah ya kyauta. Amma gaskiya laifinku ne. Wa ke hawan dutse a Afrilu, zafi ya wuce 40?

Baban Ummi: Na san laifina, Malam, da shi nake kwana. Don kada wani ya maimaita na faɗa.

Mai Hoto Yawunde: Bari in amsa tambayar hoton tunda ba wanda ya taɓa ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, wata rana ka ga duwatsun tas, washegari kamar an rufe su da farin ƙyalle, kuma babu gilashin da za ka ɗaura wa lensi ya cire ƙura daga iska. Mai son sararin sama shuɗi da ciyawa kore ya je ƙarshen damina, Oktoba. Amma hazo ma yana da nasa kyau. Duwatsun nan ragowar maƙogwaron dutse mai aman wuta ne, ƙasar da ke kewaye ta zaizaye ta bar su tsaye kamar tabarya, Zibi ya kai mita 1,224 in an auna daga teku. Bayan la'asar sakaliya ka fuskanci yamma, rana za ta koma ja kamar garwashi, duwatsun su fito baƙi, layi bayan layi, har cikin Najeriya. Kada ka canza lensi a fili, ka shiga ɗaki. Ka cika batir tun daga Marwa. Ɗan jagora jaka goma ne a yini.

Direban Mokolo: Alhaji, yaushe rabonka da Rumsiki? Jaka goman nan kuɗin Turawa ne. Tun 2013 da aka sace iyalin Faransawan nan bakwai a wajen Dabanga baƙi suka ɗauke ƙafa. Yaran da ke rakiya da yawa sun koma gona da sayar da fetur a kwalba. Yau ka ba shi jaka uku zai yi maka godiya.

Mai Hoto Yawunde: Na daɗe ban je ba, gaskiya ne. Amma shekara ashirin ina wannan sana'a, kuma hasken rana bai canza ba don na koma Yawunde.

Direban Mokolo: Haske bai canza ba, hanya da farashi sun canza. Ni duk Laraba ina kasuwar Mokolo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Walida: Kuma don mutum yana cikin matsi sai a ba shi jaka uku ya wuni a rana? Ba ku ji wanda ya riƙe tsani ba?

Bukar Mai Kifi: Ku kai tambayar wurin bokan Rumsiki mai duba da kaguwa, ita za ta faɗa muku ko jaka talatin ta isa. In da Bafillace a cikinku ku bar shi ya yi gaba, in dai kun ce masa akwai saniya a sama ba zai gaji ba.

Abba Kakatare: Kai Babarbare, ƙasarku ko tudun tururuwa babu, me ka sani a dutse? Koma bakin tafki.

Hajja Fanne: Ɗana, ni dai magana ɗaya. Garin dab da iyaka yake. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, ku tambayi halin hanya a Mokolo kafin ku wuce, kada magariba ta same ku a kanta, kuma kada ka ɗaga kyamara kusa da shinge ko masu kaki. Mata da tsofaffi kuwa ka nemi izini kafin ka ɗauka, ba kayan kallo ba ne.

Ɗan Domayo: Na gode ƙwarai. To Mindif fa? Ba wanda ya ce komai a kansa, ga mai gwiwar nan.

Sarkin Yawo: Haƙorin Mindif, wato dogon dutsen garin, ba a hawansa sai da igiya da ƙwarewa, bango ne miƙe. Zagaye gindinsa kawai za ku yi.

Mai Hoto Yawunde: Ko ina kuka je, ka sa sunanka a tsakiyar hoton kafin ka ɗora a Facebook, ba a gefe ba. Akwai hotona na Mindif da na kwana a ƙauye don in same shi da fitowar rana. Wata rana na shiga wani shago na gan shi a kalanda, an yanke gefen da sunana yake. Na bi sawu har wurin mai bugawa, ya ce a intanet ya tsinta.

Abba Kakatare: Wallahi ni ma. Nawa wani masauki ne ya sa a tallarsa. Da na yi magana sai aka ce in gode Allah an tallata ni.

Maman Walida: Ƙanena mai hoto ne, dangi kowa biki da suna sai a kira shi, ba mai ba shi ko kuɗin moto. In ya tambaya a ce ya cika son kuɗi.

Bukar Mai Kifi: Abba, masaukin nan a Marwa yake ko Garwa? Nawa suke ba da ɗaki?