Musayar waƙa: haɗa tashen mai mulki da mai kuɗi

Babban amsa-amo "wa" ne, kowa ya riƙe shi. Baitin ƙwar biyar ne, wato mai layi biyar.

Baban Tashe:
Goma ga azumi tashe zai fara,
Bayan an sha ruwa a fito da yara,
Bana kan mai mulki za a tsara,
Da mai kuɗin da ya ƙi jin gyara,
Ku kawo dabara, 'yan'uwa.

Goggon Gauta:
Baba, mutum biyar sun isa wasa:
Sarki, fadawa biyu a gefensa,
Attajiri mai tumbi na bin bayansa,
Sai talaka da ƙara, ba mai jin sa,
A kansa wasan ke tsayawa.

Tsohon zani kamu shida ne rawani,
A naɗe har kunnuwa, ga ma'ani:
Mai mulki ya daina jin bayani,
Sai "lafiya zaki" damina da rani,
Daga nan yake soma faɗuwa.

Haka matan fada ke yi a gauta,
Ɗaya ta zama sarki, a naɗa ta,
Tafiyarsa da fushinsa duk ta kwatanta,
Yana zaune yana kallon ta,
Ya ga abin da ake ɓoyewa.

Ɗan Ƙwar Biyar:
Goggo, attajirin ga nasa kaya:
Matashin kai a ciki, a ɗaure ta baya,
Mabuɗai ashirin a zura a waya,
A rataya su har su danne wuya,
Gaisuwa ma ya kasa sunkuyawa.

Ƙaruna ne tushen, a duba sura,
Ƙasas, aya ta 76 ta fara,
Ƙarti na nishi da mabuɗan da ya tara,
A ta 81 ya yi babbar asara,
Shi da gidansa ƙasa na haɗiyewa.

Amma kada yaro ya ja aya a wasa,
Mabuɗan kaɗai sun isar da saƙonsa.

Malama Mai Habaici:
Ƙanena, ka karya ƙwar, an yafe,
Ga inda wasan kan kife:
A kama sunan mai rai a jefe,
Sammacin ɓata suna ya zo da safe,
Habaici ba ya buƙatar nunawa.

Na biyu, zambo kan taɓa halitta,
Gurguntaka, makanta ko asali a ambata,
Zuciyar 'yan kallo sai tausayi ya juya ta,
Azzalumi ya tsira, an manta cuta,
Aikinsa za a bi da tonawa.

Filin da ya ƙwace, awon da ya tauye,
Hatsin da ya saye a kaka ya ɓoye,
Su za a lissafa a baiti a bayyane.

Baban Tashe:
Malama, na ƙara da batun kiɗa:
Gwangwani biyu da ganga guda,
Amshi kalma huɗu, kowa ya iya faɗa,
Fadawa kar su cika raha da guɗa,
Muryar talaka ce ke nutsewa.

Goggon Gauta:
Baba, saura ƙofar mai hali,
Zai miƙo kuɗi masu kauri da fasali,
Yaro ya juya zambo ya koma kirari,
Sai a ba babba ƙwarya tun da fari,
Shi ke karɓa, a gida ake rabawa.

Mai waƙa kar hannunsa ya taɓa kuɗi,
Baitin da aka rera a zauren Audi,
Shi za a rera a soron mai kuɗi,
Minti biyar, a yi sallama, a wuce gaba.